Yaron da Ba Ya Ja a Aji: Wace Makaranta Za a Kai Shi?

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Ina yi wa iyaye sannu da ɗawainiya, musamman a wannan ɗan tsakani da aka raba sakamakon zango na uku. Wasu gidajen an yi guɗa an sayo lemo. Wasu kuma tuwon dare bai ciwu da daɗi ba.

Da mutanen gidaje na biyun nake son mu zanta yau. Gidan da yaro ya shigo da takardar sakamako a ƙudundune cikin aljihun yunifom, sai da aka tambaya sau uku ya fito da ita, aka ga ya zo na 48 cikin yara 50. Kun san abin da ke biyo baya. Uba ya ce gobe zan cire shi daga makarantar nan. Uwa ta ce a kai shi ta kuɗi ko da za ta sayar da 'yan kunnenta. Kaka ta ce a karɓo masa rubutu, kan yaron nan ba banza ba. Kawu kuma ya ce a tura shi makarantar kwana ya ji a jikinsa. Kowa ya kawo magani, ba wanda ya tsaya ya tambayi mene ne ciwon.

Na daɗe ina riƙe alli kafin in zo gaban wannan makirufo, amma abin da ya fi buɗe mini ido a gidanmu ya faru. Wata Juma'a bayan la'asar ƙanwata ta zo da ɗanta, yaro ɗan shekara goma, yana aji huɗu na firamare. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Yaya, ka duba mini yaron nan don Allah. Makaranta uku ke nan muna canja masa, kowacce sai a ce ba ya ja. Babansa har ya fara cewa a bar shi ya bi shi kasuwa."

Na ce ya miƙo jakarsa. Na buɗe littafin rubutunsa, sai na ga rubutu tsaf kamar an buga da inji, shafi bayan shafi, ko'ina malami ya sa alamar daidai da jan biro. Na nuna layin farko na ce, "Karanta mini wannan." Ya kalli layin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Na ɗauki takarda na rubuta kalma ɗaya, "baba". Ya nuna harafin farko ya faɗi sunansa, ya nuna na biyu ya faɗa. Na ce to haɗa su. Shiru. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kawu, ni ban san yadda ake yi su zama magana ba."

Shekara huɗu yaron nan yana zana abin da ke kan allo kamar yadda ake zana hoton mota. Kuma wannan yaron da ake kira daƙiƙi, a Islamiyyarsu ya haddace izu biyu, in ka aike shi kanti da dubu ɗaya ba mai cutarsa a canji. Kansa lafiya lau. Wani mataki guda aka tsallake masa tun yana aji ɗaya, aka yi ta ɗora masa gini a kan rami. Makarantu ukun nan kuwa, ba wadda ta zaunar da shi minti biyar ta ce karanta mu ji. Kowacce ta karɓi kuɗin fom, ta ɗinka masa sabon yunifom, ta sa shi ajin da shekarunsa suka nuna.

To kun ga, da an sake canja masa ta huɗu, an gudu ne ba a tsira ba.

Saboda haka kafin a fara zagayen makarantu, a fara da jikin yaron. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro nawa ne ke zaune a bencin baya ba ya ganin allo, shi kuma bai san cewa sauran yara suna gani ba, balle ya yi ƙorafi? Ki tsayar da shi daga bakin ƙofa, ki rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ki ce ya faɗa miki lambobin kalandar da ke bango, sannan ki sauya ido. In yana ƙanƙance ido, ko yana manna littafi a hanci, ko yana yawan kukan ciwon kai bayan an taso, a kai shi a auna. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, akwai na Makka, a Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Wani yaron tabarau ne kawai tsakaninsa da karatu. Haka ma kunne. Yaron da kunnensa ya daɗe yana ruwa tun yana ƙarami, wanda sai an kira shi sau biyu yake waiwayowa, ana ce masa mai taurin kai, sau da yawa ji ne ya ragu. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Malam Aminu Kano.

Sai jini. Mai ciwon sikila da ke kwanciya sati biyu a kowane zango, ya dawo ya tarar an wuce shi, ba a koma masa baya ba. Mai ƙarancin jini saboda zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, wanda ƙarfe goma na safe ya fara gyangyaɗi. Da wanda ya fito gida ba koko ba ƙosai, ba kuma kuɗin tara. Ciki da yunwa ba ya riƙe karatu, ko a wace makaranta aka kai shi.

Ban hana addu'a ba, kada Hajiya Kaka ta kashe rediyo. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Akwai kuma yaran da ido lafiya, kunne lafiya, ga wayo ga surutu, amma haruffa na yi musu gardama. Yau ya gane kalma, gobe kamar bai taɓa ganin ta ba. Yana shan wahalar rarrabe sautukan da ke cikin kalma, yana ta rikita "b" da "d" har bayan sa'o'insa sun daina. Masana suna kiran wannan disleksiya. Ba hauka ba ce, ba sammu ba ce, kuma bulala ba ta taɓa warkar da ita ba. Irin wannan yaro yana koyon karatu, amma sai an bi da shi sauti bayan sauti, a hankali, ana maimaitawa. Jami'ar Bayero tana da Sashen Ilimi na Musamman, haka ma Jami'ar Jos, kuma a nan ake horar da malaman da suka san wannan aiki. Wanda ke kusa ya je ya nemi shawara.

[Gajeren kiɗa]

Masu saurare, yanzu sai mu zo kan makarantar kanta. Ni ma'aunina guda ne, kuma ba daga turai na samo shi ba, daga zauren malam na samo shi.

Ku tuna yadda makarantar allo take. Yara talatin a zaune, kowa da allonsa, kuma ba allo biyu da ke ɗauke da karatu ɗaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefensa yana izu na uku. Malam ba ya cewa tunda kai shekararka tara to ka koma surar da 'yan shekara tara suke. Ka zo ka biya, in ka iya ya ce je ka wanke, in ba ka iya ba ka koma ka zauna. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Makarantar allo tana da nata laifuffukan, irin su dorina da bara, amma a wannan gaɓa ta fi bokon da muke yi hankali. A boko kalanda ce ke wanke allo. Satumba ta yi, kowa ya ɗau jakarsa ya shiga aji na gaba, wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Abin ban sha'awa, wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta gina tsarin koyarwa a kan irin wannan tunani, har ya bazu zuwa ƙasashen Afirka, an kuma gwada shi a Borno da wasu jihohin Arewa. Ana yi wa kowane yaro ɗan gwaji baki da baki: shin yana gane harafi, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari? Sai a raba yaran rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, a ajiye maganar aji a gefe na awa ɗaya ko biyu kullum. Ɗan aji biyar da bai wuce harafi ba ya zauna da masu harafi, in ya iya ya matsa gaba. Babbaƙu da farfaru ke nan aka sa wa kwat.

Makarantar da ta dace da yaron da ke baya ita ce wadda za ta nemo inda ya tsaya ta fara daga nan. Fentin bango da motar ɗaukar yara da sunan turanci mai tsawo, duk ado ne.

Sai batun harshe, wanda na san zan taka sawun wasu. Yaro ya tashi a gida Hausa, a layi Hausa, a masallaci Hausa da Larabci. Ranar farko a makaranta aka ce masa daga yau wanda ya yi Hausa za a ci shi tara. Yaro mai saurin ɗauka zai lallaɓa ya wuce. Wanda dama yake ɗingishi, an ɗora masa kaya biyu: ya koyi karatu, ya kuma koye shi cikin harshen da bai ji. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yara a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Kafin nan ma, a 1970, Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, aka koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Ingilishi yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi ba, sun ma fi su a darussa da dama. Mu ma nan an yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi RANA a Katsina da Zamfara, duk don yaro ya fara iya karatu da Hausa. Dalilin a fili yake. Hausar boko yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaro ya haɗa "ka" da "za" ya ji "kaza" ta fito, ya san ta, yana korar ta daga tsakar gida kullum. Wanda ya gane sirrin haɗa baƙi da harshensa, in ya koma Ingilishi ya riga ya san abin da ake nufi da karatu. Don haka in hedimasta ya bugi ƙirji ya ce muku a nan ba a jin Hausa ko a filin wasa, ga yaro mai rauni wannan ba abin alfahari ba ne.

To ta gwamnati ko ta kuɗi? Ba ni da amsa guda. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa firamaren gwamnati a cikin birni ya san aji mai yara sama da ɗari ba abin mamaki ba ne. A irin wannan aji, yaro shiru-shiru zai iya shekara malami bai san sunansa ba. Sai dai kuma sau da yawa a can ne ake samun malamai masu NCE da suka daɗe suna koyar da ƙananan yara. In kun dace da firamaren da ba ta cika ba, da malama mai haƙuri a aji, kada ku raina ta don ba a biyan kuɗi.

Makarantun kuɗi kuwa iri-iri ne. Akwai na ƙwarai. Akwai kuma gidan haya mai ɗaki huɗu da aka kafa wa allon suna, aka ɗauko yaran da suka gama sakandare bara ana ba su abin da bai kai kuɗin mota ba, kowane zango sabon malami. Babban haɗarinsu ga yaro mai rauni shi ne ba sa son su faɗa maka gaskiya, domin kai kwastoma ne. In suka ce ɗanka bai iya ba, kana iya kwashe yaranka huɗu ka kai gaba. Sai a cika takarda da maki, a yi masa bikin yaye ɗalibai da hula mai tuntu, ba za ka farga ba sai ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO, a lokacin kuma sai a fara neman inda ake sayen amsa.

Makarantar kwana fa, wadda Kawu ya kawo shawara? Ga ƙaramin yaro da ke fama da karatu, ni ban goyi baya ba. Yaron da aka riga aka karya masa gwiwa, ka raba shi da uwarsa ka miƙa wa siniyoyi, ga wanki ga ɗebo ruwa, ba mai duba littafinsa da dare, sai ya ƙara shigewa cikin ƙoƙonsa. Inda take amfani shi ne babban yaro wanda kansa na ja amma gida ba ya barin sa: tsaron shago, talla, majalisar bakin layi, waya har ƙarfe ɗaya na dare. Shi kam tsarin kwana na iya tattaro hankalinsa. Ko shi ɗin ma, bayan sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, ba sai na ce wa uba ya duba inda makaranta take da yadda tsaronta yake ba.

Yaron da aka tabbatar ba ya ji ko ba ya gani, kada a bar shi ya yi ta zaman banza a ajin da ba mai iya magana da shi, wai don gudun abin da dangi za su ce. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano, akwai makarantar makafi ta Gindiri a Filato wadda ke aiki tun 1953, ana koyar da maganar hannu da rubutun makafi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kamar kowa. Amma kada a juya maganata: yaron da kawai ya makara wajen iya karatu ba can ne wurinsa ba.

Wanda ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, aka ga hannunsa ya fi bakinsa, rediyon gida ya kwance ya mayar, akwai kwalejojin fasaha da jarrabawarsu ta NABTEB, kuma daga nan ana wucewa gaba da karatu. Sai dai a daina ɗaukar su juji. Kafinta da bai iya awo ba katakon mutane zai ɓata.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu a ce kun sa ido a kan wata makaranta. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ku je ranar da aka gayyace ku, ku je ranar Talata da hantsi ba sanarwa. Ku wuce ofis, ku nemi izinin tsayawa a bakin tagar ajin da za a sa ɗanku, minti goma ya isa. Ku ƙirga kawuna. Ku duba su wa malami ke tambaya, 'yan gaba uku masu ɗaga hannu ko har da na lungu? In yaro ya ba da amsa ba daidai ba, me ke faruwa, ana gyara masa ko aji ya kwashe da dariya malami na taya su? Ku dubi teburin malami ko akwai bulala a kai. Yaron da ke jiran duka ba ya jin darasi, lissafin bulala yake yi.

Sannan ku zauna da hedimasta ku faɗa masa gaskiya, ɗana bai iya karatu ba, me za ku yi masa? Ku saurari amsar da kyau. In ya ce, "Alhaji kada ka damu, zango ɗaya zai zo na ɗaya," ku yi masa godiya ku sa takalmanku. In ya ce, "Kawo shi mu zauna da shi tukuna mu ga inda ya tsaya," to ku gyara zama. Ku tambaye shi shekara nawa malamin ajin ya yi a makarantar. Ku tambayi wa zai zauna da yaron shi kaɗai, sau nawa a sati.

Ku kuma duba nauyin da ke kan yaron. Allo da asuba, boko har ƙarfe biyu, Islamiyya zuwa magariba, lesin bayan isha'i, ga jinga shafi biyar. Babba ma ba zai iya ba. Malamin lesin kuma, in aikinsa shi ne ya yi wa yaro jinga don a samu jan biro gobe, kuɗinku yake ci. Ku ce masa ya ajiye littafin aji ya koma inda yaron ya tsaya, ko da harafi ne.

Ɗan ƙanwata dai a ƙarshe wata ƙaramar makaranta muka samu a bayan layinsu, ba ta da mota, allon sunanta ma ya koɗe. Malamar ta zauna da shi, ta fito ta ce a mayar da shi aji uku. Nan fa aka yi ta. Babansa ya ce ina zai sa kansa, ƙanin yaron ma aji uku yake. Ni kaina ban cika son maimaita aji ba, domin in za a sake yi wa yaro abin da aka yi masa bara, a aji iri ɗaya da hanya iri ɗaya, an ci masa shekara ne kawai. Na yarda ne saboda malamar ta ce kullum kafin a shiga aji za ta ba shi minti ashirin, da Hausa, daga "ba, bi, bu". Muka raba shi da ƙanin, kowa da makarantarsa, don kada a riƙa auna su a faranti ɗaya. Uwar kuma, wadda ita ma iyakarta firamare, aka ba ta aikin sauraron sa yana karanta layi biyar bayan sallar magariba.

Zango biyu aka yi kafin ya karanta shafi guda ba tsayawa. A sakamakon da aka raba makon jiya ya zo na 14 cikin 22, Ingilishinsa har yanzu da saura, babansa kuma bai gama hucewa a kan shekarar da aka rasa ba. Jiya ƙanwata ta bugo mini waya tana ƙorafi, wai yanzu ba ta isa ta ajiye wayarta ba, duk saƙon da ya shigo sai ya karanta wa mutanen gida da ƙarfi.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zanta a kan malaman lesin, yadda ake zaɓen su da abin da ya kamata a biya. Masu son aiko da tambaya a kan 'ya'yansu, ku haɗa da shekarun yaro da ajinsa, da abin da ya iya karantawa da kuka gwada shi da kanku, amma kada ku sa sunansa. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa mu kwana lafiya. Assalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]